Masai mai tsimin ruwa a gidan da bututunsa ya tsufa: abin da za ka duba kafin ka saya

In gidanka ya kwana biyu, kuma bututun da ke ƙarƙashin ƙasa tun na lokacin da aka gina gidan ne, kada ka fara da neman masan da ya fi kowane ƙarancin shan ruwa. Abin da za ka fara tambaya shi ne, ɗan ruwan nan da zai zubo, zai iya ɗaukar ƙazanta ya kai ta inda ya kamata? Mutane da yawa da sun ga kwanon ya wanku tas sai su ce ai shi kenan, alhali akwai sauran tafiya a cikin bututu, mita 5, mita 10, wani gidan ma fiye da haka, kafin a isa sokawe ko babban layin gari, kuma a wannan tafiyar ne tsohon gida ke ba mutum kunya.

Masai irin na da can suna zubar da wajen lita 13 a fulashin ɗaya, wasu har kusan 20, kuma da lissafin wannan ruwan mai yawa aka shimfiɗa bututun. Ko fulamban ya ɗan yi kuskure wajen gangare, ruwan na rufa masa asiri. A Amurka dokar da aka yi a 1992 ta fara aiki a 1994, ta ce masan gida kada ya wuce galan 1.6, wato lita 6. Na farko-farkon da suka fito ba su yi kyau ba ko kaɗan, don kamfanoni da yawa ruwan tanki kawai suka rage ba su sake fasalin kwanon ba, sai mutane suka koma yin fulashin sau biyu sau uku, tsimin ya tashi a banza. Daga nan ne sunan irin wannan masai ya ɓaci, har yanzu wasu ba su yafe masa ba, amma gaskiya na yanzu sun yi nisa, akwai masu lita 4.8 da suka fi tsofaffin masu lita 13 tsarkake kwano. Matsalar dai bututunka ba a sabunta shi tare da su ba.

To fara da bututun. Tsohon bututun ƙarfe yana tsatsa ta ciki, cikinsa ya yi kaushi ya ƙanƙance, takarda na bi tana maƙalewa. Na yumɓu kuma gaɓoɓinsa ke gocewa, saiwar itace ta samu ƙofa ta shiga. Wani wurin ƙasa ce ke zaunawa sai bututun ya lotsa a tsakiya, ruwa ya kwanta a nan. Gangaren da ake so kusan santimita 2 ne a kowace mita, in bai kai haka ba ruwa kaɗan ba zai yi gudun da zai tura kaya ba. Akwai kuma abin da ke ba mutane mamaki: bututu mai faɗi ba lallai ya fi ba. Lita 4 a cikin bututu mai inci 4 shimfiɗewa yake yi ya zama ba zurfi, ƙazantar ta zauna a ƙasa ruwan ya wuce ya bar ta, amma a mai inci 3 ruwan ya fi taruwa ya ɗaga ta.

Ga gwajin da za ka iya yi da kanka ba sai ka kira kowa ba tukuna. Buɗe murfin chamba da ke waje, ka sa mutum ya tsaya a wurin. Kai kuma ka dunƙule takardar bayan gida kamar yadda ake amfani da ita ka jefa a tsohon masan, ka auna ruwa lita 5 ko 6 a bokiti ka juye gaba ɗaya da ƙarfi, kada ka taɓa hannun fulashin. Na waje ya duba: takardar ta iso tare da ruwan, ko ruwa ne kawai ya zo yana tsiyaya, takardar sai a bokiti na uku? A maimaita kamar sau 3 ko 4. In tana isowa lafiya, ka samu sauƙi. In ba ta isowa, ko kuma dama gidan na yawan toshewa, ko kana jin gul-gul a magudanar wanka duk lokacin da aka yi fulashin, to a fara kiran fulamba ya wanke layin, in yana da kyamarar da ake zurawa cikin bututu ya duba ma ya fi. Gul-gul ɗin nan yawanci bututun iska ne da ke fita ta saman rufi ya toshe, ko kuma ba a sa shi ba tun farko, kuma sabon masai ba zai gyara wannan ba ko nawa ka saye shi.

Ka kuma lura da inda masan yake a kan layin. Wanda ruwan wanka ko na wankin hannu ke bi ta layinsa yana samun taimako, duk wanda ya yi wanka ya ƙara tura abin da ya rage. Wanda yake shi kaɗai a can ƙarshen gida, ga layi mai tsawo, kamar banɗakin baƙi da ba a cika shiga ba, shi ne abin tsoro, ni dai ba zan sa mai ƙasa da lita 6 a irin wannan wurin ba.

Sai awo, nan ba dogon bayani. Duba ko masanka ta ƙasa yake fitarwa ko ta bango. In ta ƙasa ne, auna daga bango zuwa tsakiyar ramin, ko zuwa kusoshin da suka riƙe masan, daga bangon kansa fa ba daga tayil ɗin gindin bango ba. Inci 12 ya fi yawa, amma tsofaffin gidaje ana samun inci 10 ko 14. In ta bango ne, auna daga ƙasa zuwa tsakiyar bututun, galibi wajen santimita 18. Rubuta ka tafi da shi, ka auna har da inda ƙofa ke buɗewa, don dogon kwano na iya hana ƙofar ƙaramin banɗaki rufuwa.

Yanzu zaɓen kansa. Ga tsohon bututu, ni a ganina tsakanin lita 4.8 da 6 ne wurin tsayawa. Daga 13 zuwa 6 ka riga ka rage fiye da rabi, neman ƙarin lita ɗaya ko biyu bai kai kuɗin kiran mai buɗe bututu duk bayan wata biyu ba. Masu lita 3 da ɗan wani abu a bar wa sababbin gidaje masu bututun roba mai santsi.

Mai maɓalli biyu, wanda kamfanin Caroma na Ostareliya ya fito da shi a 1980, yana da kyau in mutanen gidan za su kiyaye: ƙaramin maɓalli na fitsari, babba na bayan gida. Mai lita 6 da 3 ya fi dacewa da tsohon gida a kan mai 4.5 da 3. Sai dai in yara da baƙi za su riƙa danna ƙaramin bayan sun zuba takarda, to kullum lita 3 ce za ta riƙa fama da layin, gara mai maɓalli ɗaya kowa ya huta.

Akwai kuma mai firesha, wanda ke da wata 'yar tukunya a cikin tanki da ke matse iska ta harbo ruwan da ƙarfi. Yana wanke kwano sosai, amma yana da ƙara, da dare duk gida sai ya ji, kuma yana buƙatar ƙarfin ruwa wajen psi 25 (psi ma'aunin ƙarfin matsin ruwa ne). In ruwan gidanka daga tankin sama yake saukowa, kowace mita ta tsawo psi 1.4 kawai take bayarwa, kenan sai tankin ya kai tsawon mita 17 ko 18 a saman masan. Yawancin gidaje ba su kusa ba, don haka in ba ka da famfon ƙara ƙarfi ka manta da shi, ka tsaya ga na gargajiya mai zubo ruwa daga tanki.

In kana gaban masan a shago, ɗaga murfin tanki ka duba ramin da ruwa ke sauka, mai inci 3 ya fi mai inci 2 sakin ruwa lokaci guda, kuma wannan zubowar ta farat ɗaya ce ke ɗaga kaya. Zura hannu cikin maƙogwaron kwanon, sabo ne ai babu ƙyama, ka ji ko yana da santsi har ciki ko kuwa kaushi ne kamar ba a shafa masa komai ba, faɗinsa kuma kada ya gaza inci 2. In akwai makin gwajin MaP a jikin kwali ko a intanet ka duba, tun 2003 ake wannan gwajin, ana auna giram nawa masai zai kwashe a fulashin ɗaya, mafi girman maki 1000, WaterSense kuma, wato alamar da ake ba kayan tsimin ruwa a Amurka, aƙalla 350 take nema. Ni zan ce ka nemi 600 zuwa sama. Amma ka tuna makin nan na kwano ne kawai, bai san halin da bututunka ke ciki ba. Ka kuma tambaya ko kayan cikin tankin na kowa da kowa ne, don wani masan kyau kamar me amma in robar cikinsa ta lalace sai ka yi yawo ba ka samu irinta ba.

Ranar ɗaurawa a canza ƙaramin famfon da ke ba tanki ruwa da tiyo ɗinsa, tsofaffin sukan ƙi rufuwa ko su karye a hannu, kuma a ɗan saki ruwa a bokiti tukuna tsatsar bututun ta fita kafin a haɗa, in ba haka ba ita ce za ta toshe sabon bawul tun makon farko. Bakin bututun da masan ke zama a kai in ya tsage ko ƙasan wurin ya ruɓe a gyara, kada a cika da siminti a rufe. Bayan an gama, ɗiga ɗan rini a tanki ka jira minti 15 ba fulashin, in launin ya bayyana a kwano to yoyo yake yi. Takarda kuma a riƙa sayen mai saurin narkewa, jiƙaƙƙen tishu na goge yara kuwa ko an rubuta a jikin leda cewa ana iya korawa, a kwandon shara za a sa, kuma a watan farko ka riƙa leƙa chamba sau ɗaya a mako ka ga ko wani abu na taruwa.