Darasi na 9: Kulle fayiloli ta wutsiyar sunansu

Yawancin fayiloli suna da wutsiya, wato haruffan da ke bayan ɗigo a ƙarshen sunansu: .jpg na hoto ne, .sql kuma yawanci kwafin rumbun bayanai ne. Uwar garke, wato kwamfutar da ke riƙe da shafinka na intanet, ba ta tambayar baƙo ko shi wane ne. Duk wanda ya rubuta adireshin fayil daidai, miƙa masa take yi.

A ce za ka gyara config.php, fayil ɗin saitin shafinka, sai ka ajiye kwafinsa da sunan config.php.bak don gudun kuskure. Dabara ce mai kyau, amma ka bar ƙofa a buɗe. Fayil mai wutsiyar .php aiki uwar garke take sa shi, ba ta nuna cikinsa. Shi kuwa .bak ba ta san aikinsa ba, sai ta bayar da shi yadda yake, har da kalmar sirrin rumbun bayananka. Kada ka ce wa zai san sunan. Akwai manhajojin masu kutse da ke yawo dare da rana suna gwada irin waɗannan sunaye.

Idan manhajar da ke tafiyar da uwar garkenka Apache 2.4 ce, buɗe fayil ɗin .htaccess da ke babbar foldar shafin, wanda ake rubuta wa Apache dokoki a cikinsa, ka rubuta:

<FilesMatch "\.(bak|sql|log|env)$">
Require all denied
</FilesMatch>

Sandar da ke tsakanin kalmomin tana nufin "ko". Alamar $ tana nufin nan sunan ya ƙare. Layi na biyu shi ne kwaɗon: a hana kowa. Tsohuwar Apache 2.2 da "Deny from all" take aiki, kada ka cuɗanya tsohon salo da sabo. Nginx kuwa, wata manhajar uwar garke daban, ba ta karanta .htaccess ko kaɗan, a cikin fayil ɗin saitinta ake rubuta dokar.

Kula da kowane harafi, domin kuskure ɗaya a .htaccess yana iya tsayar da shafin gaba ɗaya da lambar 500, wato saƙon kuskuren uwar garke.

Aikin gwaji: ƙirƙiri fayil mai suna gwaji.bak, ka ɗora shi a kan uwar garke, ka rubuta adireshinsa a burauza. In ka ga lambar 403, wato an hana shiga, kulle ya kama. In fayil ɗin ya buɗe, tambayi kamfanin da ke riƙe maka shafin ko an kunna AllowOverride, saitin da ke ba .htaccess damar yin aiki, sannan ka goge gwaji.bak.