Gani Ya Kori Ji? Yadda Ake Koyar da 'Yan Sakandare Ilimin Halayyar Ɗan Adam a Fagen Shari'a

Wannan fanni yana nazarin mutanen da shari'a ke bi ta hannunsu: mai shaida da abin da ya iya tunawa, wanda ake tuhuma da abin da zai sa ya amsa laifi, ɗan sandan da ke tambaya, da alƙalin da zai auna maganganunsu. Ba ya cikin darussan da WAEC da NECO ke yin jarrabawa a kansu, don haka a makarantun Katsina ko dai a cusa shi cikin darasin sanin haƙƙin ɗan ƙasa, ko a yi masa kulob bayan an tashi. Kulob ya fi, domin minti 40 ba ya isar gwaji da tattaunawa. Mako shida ya wadatar, zama ɗaya na minti 80 a kowane mako, kuma 'yan aji biyu na babbar sakandare sun fi dacewa, tunda 'yan aji uku hankalinsu na kan jarrabawar fita.

Ɗalibai za su zo da abin da suka gani a finafinai, wato gwanin da ke kallon fuska ya gane mai kisa. Lacca ba ta cire wannan tunani. Abin da ke cire shi shi ne su zama shaidu da kansu, su yi kuskure, su ga an ƙirga kuskuren a kan allo.

Kafin komai, samu amincewar shugaban makaranta, ka gaya masa rana da lokacin wasan shigowar baƙo aji da za a shirya a makon farko, a kuma sanar da maigadi. Kada a shigo da makami ko abin da ya yi kama da shi, kada a yi ihu, kada a rufe fuska da rawani. A jihar da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, da wuya a rasa yaro a aji wanda ta'asar 'yan bindiga ta taɓa danginsa. Wasan da ya firgita shi ya ɓata darasin, ya kuma fama masa tsohon miki.

Mako na farko: baƙo a aji

Nemi mutumin da ɗalibai ba su sani ba, ba malamin makarantar ba, ba mai sayar da abinci a bakin get ba. Ka ɗauki hotonsa da waya a ranar, daga kai har ƙafa, cikin kayan da zai shiga da su, domin hoton ne zai raba gardama. Kana minti goma da fara bayani sai ya yi sallama ya shigo, ya ce, “Malam, an ce in karɓi jakar nan,” ya ɗauki jaka daga kan tebur ya fita. Kada ya wuce daƙiƙa 20. Kai kuma ka yi kamar ba komai, ka ci gaba da darasi na minti goma, sannan ka ce kowa ya yi shiru, ka raba takardu.

Tambayoyi goma sun isa, irin su launin riga, ko da hula, ko da gemu, tsawo, ƙiyasin shekaru, takalmi, ainihin kalmomin da ya faɗa, tsawon lokacin da ya yi. A gaban kowace amsa ɗalibi ya rubuta yawan tabbacinsa daga 1 zuwa 5, a saman takarda kuma ya rubuta layin bencinsa. Takardun iri biyu ne, amma ɗalibai ba su sani ba. Idan aji na da mutum 60, talatin za su samu tambayar “A wane hannu ya ɗauki jakar?”, sauran kuma “A wane hannu yake ɗaure da agogo?” Mutumin kuwa ba shi da agogo. Kada ka tona wannan a ranar.

Abubuwa uku ke lalata gwajin. Na farko surutu. Da zarar wani ya ce “ai jar hula ce”, rabin layinsa sun ga jar hula. Wannan gurɓacewar shaida ce, irinta ke faruwa idan shaidu suka zauna a benci ɗaya a caji ofis suna hira kafin a ɗauki bayaninsu. In ta faru kada ka ɓoye, ka mayar da ita darasi. Na biyu halin jarrabawa: yaranmu sun saba cewa barin gurbi asara ne, sai su cike da zato. Ka faɗa musu cewa “ban sani ba” amsa ce karɓaɓɓiya. Na uku cunkoso, domin na baya ba su ga takalmi ba, shi ya sa ake rubuta layin benci.

Ka ƙirga amsoshin a allo kafin ka nuna hoton, kuma hoton ka rufe fuskarsa da hannayensa, don mako mai zuwa. Tsaya a kan abu biyu: lokaci, wanda galibi mutane kan ƙiyasta fiye da yadda yake, da waɗanda suka rubuta tabbaci 5 a kan amsar da ba daidai ba. A nan za ka kawo Hugo Münsterberg na Jami'ar Harvard, wanda tun 1908 ya rubuta littafi a kan raunin shaidar gani da ido.

Mako na biyu: agogo da jerin hotuna

Fara da tambaya ɗaya a rubuce: “Ka ga agogo a hannun baƙon?” Raba amsoshin bisa irin takardar da kowa ya samu wancan mako, ka kwatanta. Idan bambancin bai fito ba, ka faɗi gaskiya. Aji ɗaya samfuri ne ƙarami, kuma sanin haka ma ilimi ne.

Sai jerin hotuna. Haɗa hotuna shida na maza masu kama da kwatancin baƙon, duk a ɗauke su iri ɗaya, da izininsu. Idan mutum ɗaya ne mai gemu a cikin shida, kamar ka nuna shi da yatsa ne. Yi jeri biyu, ɗaya da baƙon a ciki, ɗaya babu shi. A cikin masu ganin jerin da babu shi, rabi a ce musu “Nuna min shi”, rabi a ce “Mai yiwuwa yana ciki, mai yiwuwa ba ya ciki.” A binciken Malpass da Devine na 1981, kashi 78 cikin 100 sun nuna wani a jerin da mai laifin ba ya ciki idan umarnin ya nuna kamar yana nan, amma da aka ce mai yiwuwa ba ya ciki sai adadin ya sauko zuwa kashi 33. Wanda zai riƙe hotunan ya zama malamin da bai san baƙon ba, domin murmushi ko “yauwa” ɗaya na ƙara wa shaida tabbacin da bai da shi.

Labarin Ronald Cotton na jihar North Carolina a Amurka ya dace a nan. Matar da aka kai wa hari a 1984 ta nuna shi da cikakken tabbaci, ya yi sama da shekara goma a gidan yari, sai a 1995 gwajin ƙwayar halitta ya wanke shi. Matar ba ƙarya ta yi ba, kuskure ta yi. Ba sai ka shiga bayanin harin ba.

Mako na uku: kalmar da aka yi tambaya da ita

A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna wa ɗalibai 45 fim ɗin hatsarin mota, suka tambaye su gudun motocin, suna sauya kalma ɗaya kawai. Waɗanda aka tambaya da kalma mafi zafi sun ƙiyasta mil 40 da ɗoriya a awa, masu kalma mafi sanyi kusan mil 32. Hausa na da arzikin irin waɗannan kalmomi. Nuna gajeren bidiyon karon ababen hawa marar jini, a waya ko kwamfuta, rukuni-rukuni in babu wuta. Wasu a tambaye su gudun sa'ad da motocin “suka gogi juna”, wasu “suka yi karo”, wasu “suka yi taho-mu-gama”. Ɗauki matsakaicin kowane rukuni. Yawancin ɗalibai ba su taɓa tuƙi ba, don haka ka ba su ma'auni daga kilomita 10 zuwa 120, in ba haka ba wani zai rubuta 500.

Sauran lokacin a koyi tambaya mai kyau, bisa tsarin da Fisher da Geiselman suka fito da shi a shekarun 1980: a mayar da tunanin shaida wurin da abin ya faru, ya faɗi komai ko da yana ganin ba shi da amfani, ya sake ba da labarin daga ƙarshe zuwa farko. A zauna bibbiyu. Dokar mai tambaya ɗaya ce, kada ya katse. Za ka ga ba sa iya haƙurin rabin minti.

Mako na huɗu: gane maƙaryaci

Ɗalibai goma su ja ƙuri'a a asirce, biyar su faɗi gaskiyar abin da suka yi ranar Juma'ar da ta wuce, biyar su ƙirƙira. Aji ya kaɗa ƙuri'a a rubuce. Nazarin Bond da DePaulo na 2006, wanda ya tattara bincike sama da 200, ya samu cewa mutane na dacewa da kusan kashi 54 cikin 100, wato kaɗan suka ɗara canki-canka. Tambayi aji da me suka gane. Za su ce ya sunkuyar da kai, ya ƙi haɗa ido. Sai ka tambaye su yadda suke tsayuwa a gaban mahaifinsu ko hakimi. Yaron da aka yi wa tarbiyya a Katsina ko Daura ba ya ƙura wa babba ido, kuma budurwa mai kunya muryarta ƙasa take. Mai binciken da ya ɗauki ladabi a matsayin alamar laifi, ɗan mutunci zai fara kamawa.

Mako na biyar: iƙirari da hankali

Wannan ba a gwada shi a kan yara, ba da labari ake yi. A wani gwaji na 1996, masu bincike Kassin da Kiechel sun zargi ɗalibai da danna maɓallin da aka hana su, wai shi ya lalata kwamfuta. Ba su danna ba, amma kashi 69 cikin 100 sun sa hannu cewa sun danna. A New York kuma, samari biyar 'yan shekara 14 zuwa 16 sun amsa laifin da aka yi a 1989 bayan doguwar tambaya, aka soke hukuncinsu a 2002. Kawo maganar gida: an sace kuɗi a hostel, manyan ɗalibai sun tsare ƙaramin yaro da dare. In ya amsa, me ya tabbata?

Sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana kotu karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar gallazawa, kuma akwai dokar hana azabtarwa ta 2017. Game da hankali, dokar Penal Code da ta fara aiki a Arewa a 1960 ta ɗauke laifi daga yaron da bai kai shekara bakwai ba, da wanda taɓin hankali ya hana shi sanin abin da yake aikatawa. Ɗalibai sun riga sun san hadisin mutum uku da aka ɗauke wa alƙalami, da rigar Annabi Yusuf da ta yage ta baya. Gayyaci malamin addinin Musulunci ya yi wannan ɓangaren. Hana ɗalibai liƙa wa juna sunan cuta, domin kalma ɗaya da aka koya a aji kan zama laƙabin yaro har ya gama makaranta.

Mako na shida kotun wasa ce a kan jakar makon farko: alƙali, masu gabatar da ƙara biyu, masu kariya biyu, shaidu uku daga cikin masu tabbaci 5, da gwani ɗaya da zai yi wa kotu bayanin alƙaluman da aji ya tara. Maki ya tafi ga wanda ya kafa hujja da waɗannan alƙaluma, ba ga wanda ya fi iya baki ba.

Irin wannan darasi kan sa wani yaro ya tsaya bayan an watse ya ce, “Malam, ina da magana.” Kada ka yi masa alkawarin rufe sirri, kada kuma ka shiga yi masa tambayoyi, domin tambayarka na iya gurɓata bayaninsa kamar yadda agogon nan ya yi. Ka saurara, ka rubuta kalmominsa yadda ya faɗe su da kwanan wata, ka kai wa malamin ba da shawara ko shugaban makaranta a ranar. Idan ɗaliba ce, a kira malama ta zauna tare da ku.