Yadda na magance harɗewar zare a ɗinkin hula

Da yamma nake ɗan ɗinkin hula don hutawa, amma zaren ya riƙa murɗewa yana ƙulli. Na sauya allura, na sayo wani zaren, duk a banza.

Ashe tsawonsa ne matsalar. Yanzu kamu ɗaya nake yankawa, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, kusan santimita 45. Sai in ja shi a kan kakin zuma, in murza da yatsu. Kada kakin ya yi yawa, yana dusar da ƙyallin zare. Bayan ɗinki kamar goma, in saki allurar ta yi lilo har zaren ya warware da kansa.

Alhamdulillahi ƙulli ya ƙare, godiya ga maƙwabciyata da ta nuna mini.