Yadda ake yoga a bakin Gulbin Maradi ba tare da ka kwaso ƙaya ba

Ni dai ciwon baya ya kai ni ga yoga, zaman buro tun sahe har la'asar, in zan tashi sai na dafa tebur kamar tsoho. Abin daga Indiya ya hito, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware mishi rana a 2014, kowace 21 ga Yuni, amma ni miƙe jiki da gyaran numfashi kawai na ɗauka, abin da ya shahi addininsu na bar musu kayansu. A ɗaki na fara da bidiyon YouTube zahi ya koro ni, na hito tsakar gida yara da awaki sunka hana, shi ne na koma bakin gulbi. Can na gane cewa zaɓen wuri ya hi motsin kanshi wuya.

Lokaci tukunna. Da ka gama sallar asuba gari ya fara haske ka kama hanya, ka gama kahin ƙarhe 8, balle Afrilu da Mayu da zahi ke wuce digiri 40. Dab da magariba kuwa fadama ta sauro ce, sai dai in palu kake nema. Ranar da hunturu ya taso da hazo ka zamna gida abinka, ƙura kawai za ka ja.

Damina ita ce ba a wasa da ita. Gulbinmu yawancin watanni rairayi ne, ruwanshi daga Najeriya yake tahowa ta wajen Katsina da Jibiya, ya biyo ta ƙasar Madarunfa ya iso mu kana ya wuce Tibiri da Gidan Runji, ke nan ruwa na iya cika shi alhali ko yayyahi ba a yi a Maradi ba. Daga Yuli zuwa Satumba kar ka shimhiɗa cikin gulbi, kar kuma kan gaɓar da ruwa ya ci ƙarƙashinta, zabtarewa take. Ai ambaliyar 1945 ce ta tada garin nan daga kwari ya hau tudu, wanda bai sani ba ya tambayi kakanshi.

To sai ƙasa. Ranar farko tsakiyar rairayi mai laushi na nuha wai ya hi daɗi, ina dafa hannu sai ya nutse, tabarma ta naɗe, wuyan hannuna kwana uku yana ciwo. Ka nemi inda ƙasa ta daddale, ka taka da diddige in bai shige ba to wurin ya yi. Gindin mangwaro gefen lambu ya hi, gindin gawo kam a'a, ƙayarshi na zube ko'ina kuma da rani bisashe nan suke taruwa cin 'ya'yanshi. Kahin ka shimhiɗa share wurin da takalmi a ƙafarka, duba ƙarangiya da tsaida da fasasshiyar kwalba da ramin cinnaka. Tsaida ta taɓa shige mini tsakiyar tahin hannu, wallahi ihun da na yi har jakin wani mai ɗibar rairayi ya tsaya yana kallona. Tabarmar roba santsi gare ta in ka yi gumi, aza mata tsohon bargo ko zane mai kauri. Takalmin da ka aje kuma kakkaɓe shi kahin ka sa, kunama ba ta sallama.

In kusa da lambun wani ne ka gaida shi ka nemi izini. Mai lambun da nike zuwa wurinshi da ya ga na duƙa kai ƙasa cewa ya yi, ɗana wani abu ya faɗi maka in taya ka nema? Na ce a'a Baba, baya nike gyarawa. Ya ce da ka kama mini ban ruwa da ya gyaru tuni. Yanzu shi ke korar mini yara 'yan kallo.

Ga yadda nike yi, minti 20 ya isa. Tsaya ƙafahu daidai faɗin ƙugu, saki kafaɗu, ja iska ta hanci kana ƙirga huɗu, sake ta a hankali kana ƙirga shida, kamar sau goma. Sai ka durƙusa kan gwiwoyi da tahin hannu, in ka ja iska ka sako ciki ƙasa ka ɗaga kai, in ka hitar ka gantsaro baya sama kamar kyanwa ta tashi barci, wanga shi ya hi yi wa bayana magani. Daga nan ɗaga ƙugu sama, hannuwa da ƙafahu na ƙasa, kai na rataye tsakanin damatsa, numfashi biyar, in bayan cinya na ja ka ɗan lanƙwasa gwiwa ba gasa ake ba. Kwanta rub da ciki, hannu ƙarƙashin kafaɗa, ɗago ƙirji kaɗan kamar gamsheƙa, kar ka banƙare da ƙarhi. Sai tsayuwar icce, ƙafa guda a ƙasa, tahin ɗayar a jikin ƙwabri ko cinya amma ba kan gwiwa ba, ka kafa ido kan abin da ba ya motsi. Kar ka kalli ruwa mai gudu, ni na gwada, jiri ya kwashe ni sai ga ni zaune. Ƙarshe kwanta rigingine minti uku kana jin kukan tsuntsaye da motar ban ruwa.

Kar ka je da cikakken ciki, kunu da ƙosai sai an dawo, amma bidon ruwa dole. Mai tansiyo, mai ciki da wanda anka yi wa aiki su tambayi likita tukunna, musamman kan wanda ake sunkuyar da kai. Ja daban zahi daban, in ka ji zahi mai suka ka tsaya. Mata ku je ku uku ko huɗu, da wando mai faɗi da doguwar riga.

In gumi ya jiƙa ka kar ka ce bari in faɗa ruwa, ruwan da ke kwance nan ake kwasar tsargiya. Haka ma tabkin Madarunfa, ran Lahadi in akwai esansi a moto nikan je can don ya hi gulbi riƙe ruwa, sai dai in yi nesa da wurin masunta da kushewun waliyyai da mutane ke ziyarta, in na gama in sayo kihi in ɗaure bayan moto.