Yadda Ake Ƙiyasta Kuɗin Bindigar Gasa da Ba a Taɓa Harbawa Ba

Wanda ya mallaki bindigar gasar harbi da ba a taɓa harba ta ba, ko saya ya yi ya ajiye ko kuwa gadonta ya ci, yakan ɗauka cewa rashin harbin kaɗai ya isa ya mayar masa da kuɗin da aka kashe a kanta, har ma da riba. Ba kullum abin yake haka ba. Rashin harbi yana da daraja, amma darajar ta danganta da wanda zai saya, kuma masu sayen irin wannan bindiga kashi biyu ne: ɗan wasa da zai kai ta filin gasa, da mai tara bindigogi da zai adana ta yadda take. Kafin ka yanka mata kuɗi, sai ka san wanne daga cikinsu ne bindigarka za ta burge.

Abu na farko shi ne ka tantance ainihin abin da ke hannunka, domin sunan kamfani kaɗai ba ya wadatarwa. Kamfanin Anschütz na ƙasar Jamus, alal misali, ya fito da ƙirar Match 54 a shekarar 1954, kuma a kanta ya gina samfura da dama, irin su 1413 da 1813 da 1913, waɗanda kamanninsu ke iya ruɗar baƙo alhali kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Haka abin yake ga Walther da Feinwerkbau na Jamus, da Bleiker na Suwizalan. Saboda haka ka rubuta samfurin da lambar bindigar da girman harsashinta kamar yadda aka buga a jikin ƙarfen, ka lura da tsawon bututun da irin ƙotar, ka kuma duba ko ta badama ce ko ta bahago, don ta bahago masu nemanta kaɗan ne kuma takan daɗe kafin ta sami mai saye. Shekarar bindigar Jamus ba ta da wuyar ganowa. Kusa da hatimin gidan gwaji, wato hukumar da ke gwada ƙarfin bindiga, wanda na birnin Ulm ƙahon barewa ne, akan sami haruffa biyu da ke tsaye a madadin lambobi biyu na ƙarshen shekarar gwajin: A sifiri ne, B ɗaya, haka har zuwa I takwas da K tara, ana tsallake J. Bindiga mai haruffan IH ke nan an gwada ta a 1987.

Wannan hatimi yana nuna wani abin da ya kamata mai sayarwa ya faɗa da bakinsa. A ƙasashen da ke bin yarjejeniyar gwajin bindigogi ta CIP, wadda aka kafa a birnin Liège a 1914, doka ta wajabta a harba kowace bindiga da harsashi mai matsin da ya wuce na yau da kullum kafin a sa ta a kasuwa. Ban da haka, masu ƙera bindigogin gasa sukan harba jerin harsasai don gwada daidaitonta, su saka takardar da harsasan suka huda a cikin akwati. Don haka idan aka ce ba a taɓa harba ta ba, ma'anar ita ce ba a harba ta ba tun da ta bar masana'anta, kuma ɗan alamar hayaƙi a cikin bututu ba ya ƙaryata mai ita. Takardar gwajin nan kuwa ka riƙe ta da kyau, musamman idan lambar da ke kanta ta yi daidai da ta bindigar, domin ita ce kaɗai shaidar da kake da ita game da yadda bututun ke tara harsashi wuri guda.

Daga nan sai neman hujja, domin mai saye mai hankali ba zai biya kuɗin magana ba. Bayan ka tabbatar babu harsashi a ciki, ka zare sakatar, wato ƙarfen da ke tura harsashi ya kulle shi a gindin bututu, ka duba fuskarta a haske mai kyau: bindigar da aka yi aiki da ita takan nuna da'ira inda gindin kwanson harsashi ke zama, da baƙin albarushi a lungun ƙugiyar da ke fizgo kwanso. Ka duba jikin sakatar ko launin ƙarfen ya koɗe saboda yawan buɗewa da rufewa, ka duba kan sukurori ko sukudireba ta ci su, da hanyar da ake zura saiti, wato abin da ake auna bara da shi, ko ta goge. Idan harsashinta ƙaramin nan ne mai suna .22 LR, wanda ake buga shi a gefen gindi, akwai wata ɓarna da ke samun bindigar da ba ta taɓa ganin harsashi ba: wanda ya riƙa ɗana ta yana jan kunama babu komai a ciki yana iya sa allurar ta daki bakin mazaunin harsashi ta lotsa shi. Ajiya ma tana da nata lahanin, domin soson da ke cikin akwati yana riƙe danshi, kuma bindigar da ta shekara ashirin a kwance a kansa tana iya fitowa da ɗigon tsatsa a gefen da ya taɓa soson, man cikin kunamarta ya daskare, ko katakon ya tsage a wuyan ƙota. Maƙerin bindiga da ke da ƙaramar kyamarar leƙa bututu zai iya duba cikinsa ya rubuta maka abin da ya gani, kuma kuɗin da za ka biya shi ba asara ba ne.

Yanzu sai a koma ga masu saye biyu. Ɗan wasa yana kallon bindiga a matsayin kayan aiki, kuma tambayarsa ita ce ko za ta yi masa gasa a yau. Manyan 'yan wasa sun koma ga ƙotar alminiyam mai daidaituwa ta kowace fuska, don haka tsohuwar bindiga mai ƙotar katako, ko da sabuwa ce fil, tsohon yayi ce a wurinsa. Dokokin wasa ma suna motsa kasuwa: an cire harbin mita 300 daga gasar Olamfik bayan ta 1972, an kuma cire harbin kwance na mita 50 bayan ta Rio a 2016. Sannan bututun .22 LR yana jure dubban harsasai masu yawan gaske kafin ya gaji, saboda haka wadda aka harba kaɗan aka kula da ita kusan ɗaya take da wadda ba a harba ba, har wani ɗan wasan ya fi son wadda aka riga aka san irin harsashin da take so. Inda rashin harbi ke da nauyi sosai a wurinsa shi ne bindigogin dogon zango masu babban harsashi, waɗanda zafin albarushi ke cinye maƙogwaron bututunsu da wuri.

Mai tarawa kuwa a nan ne rashin harbi yake zama kuɗi, amma sai idan samfurin ya daina fitowa kuma ana nemansa, kamar Winchester Model 52 da aka daina ƙerawa a 1980. Shi komai yake so yadda ya fito daga masana'anta: kwalin asali mai lamba ɗaya da ta bindiga, littafin bayani, takardar gwaji, 'yan kayan kwance sukurori, saitin gaba da na baya, ƙugiyar kafaɗa. Saitin baya na bindigar gasa shi kaɗai kaya ne mai tsada, kuma rashinsa yana rage kuɗi a wurin masu saye duka biyun. A ganina babu kuskuren da ya fi ciwo kamar a ga mutum ya yar da tsohon kwali don ya yi datti, alhali shi ne rabin hujjarsa.

Wajen fitar da adadi, ka dogara ga kuɗin da aka sayar, kada ka dogara ga kuɗin da aka nema, domin kowa yana iya yanka abin da ya ga dama, bindigar ta yi shekara babu wanda ya taya. Gidajen gwanjo irin su Rock Island a Amurka da Holts a Ingila suna bayyana sakamakon gwanjonsu, kuma littattafan farashi irin su Blue Book of Gun Values suna auna yanayin bindiga da kashi cikin ɗari. Ka tara ciniki da yawa na samfurinka daga shekaru biyu ko uku da suka wuce, ka ajiye mafi tsada da mafi araha a gefe, ka ɗauki tsakiyar sauran, sannan ka ƙara ko ka rage gwargwadon cikar kayanka da ƙarfin hujjarka. Idan har yanzu ana ƙera samfurin, kuɗin sabuwa a wurin dillali shi ne iyakarka, kuma dole ka sauko ƙasa da shi tunda taka ba ta da sauran garanti.

Ka tuna kuma cewa adadin da gidan gwanjo ya bayyana yakan haɗa da la'adar mai saye. A ƙaddara an rubuta 120 kuma la'adar mai saye kashi 20 ce cikin ɗari. An sallama bindigar a kan 100 ke nan, kuma daga wannan 100 ɗin za a cire la'adar mai sayarwa. Dillalin da zai saya nan take zai taya ƙasa da haka don shi ma riba yake nema. Ga kuma kuɗin sufuri da inshora da takardun canja mallaka, waɗanda dole a bi su yadda dokar ƙasar da kake ta tanada, kuma sayarwa zuwa wata ƙasa tana buƙatar izini na musamman da ke cin kuɗi da lokaci.

Har zuwa ranar da za ka yanke shawarar wanda za ka sayar wa, kada ka harba ta don gwaji, kada ka goge ƙarfenta da wani abu mai kaushi, kada kuma ka kwance ta da kanka. Ka fitar da ita daga cikin soso, ka shafa mata mai kaɗan da tsumma mai laushi, ka ɗauki hotunan hatimai da fuskar sakata da bakin bututu da dukan takardunta, ka ajiye ta a kulle a wuri busasshe.