Kurakuran da aka fi yi wajen ɗora manhajar haɗa abincin kaji a kan Linux

Tun da Microsoft ya janye kulawa daga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, masu kiwon kaji na wajajenmu, daga Ringim har Taura, suke ta kawo mini kwamfutocinsu. Galibi tsofaffin laftof ne na hannu, waɗanda Windows 11 ba ta hawa kansu, ko don ba su da ɗan guntun tsaron nan TPM 2.0, ko don injinsu ya kwana biyu. Sai a ce musu su koma Linux Mint ko Ubuntu, nau'o'in Linux da ake ɗorawa a madadin Windows, tunda kyauta ne kuma ba nauyi. Shawarar ba ta da aibu, ni ma shekarata huɗu a kan Mint. Inda gizo ke saƙar shi ne manhajar da suke lissafin haɗin abinci da ita, mai faɗa musu kilo nawa na masara, nawa na waken suya, nawa na dusa da garin ƙashi, don Windows aka yi ta. Kurakuran kuwa iri ɗaya ne, yau a hannun wannan gobe a hannun wancan, har bakina ya gaji.

Na farko ba ya buƙatar dogon bayani. Fayil mai ƙarewa da .exe ba ya buɗewa a Linux don kawai ka danna shi. Sai ka saka Wine, manhajar da aka faro tun 1993, wadda ke yin tafinta tsakanin manhajojin Windows da Linux. Kafin ka ƙona data, nemi sunan manhajarka a rumbun AppDB na shafin WineHQ, inda ake ba kowace manhaja matsayi gwargwadon yadda take aiki a Wine. In an ba ta Platinum ko Gold, bismillah. In Garbage ka gani, kada ka wahalar da kanka.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne na ɗigo da waƙafi, don shi ne ya kashe mini tsaki.

Lokacin da aka fara ɗora mini Linux, yaron da ya yi aikin ya zo wurin da ake zaɓen gari a taswira, ya ga agogon Balin na Jamus ya yi daidai da namu, don lokacin sanyi ne, sai ya danna ya wuce. Bai san cewa zaɓen garin ba agogo kaɗai yake saitawa ba, har da yadda kwamfuta ke karanta lamba. Jamusawa da waƙafi suke rubuta ɗaya da rabi, wato 1,5, ɗigo kuma na raba dubbai ne a wurinsu. Wine ta ɗauki wannan tsari ta miƙa wa manhajata. Na zauna haɗa abincin 'yan tsaki, na rubuta gishiri 0.3 cikin ɗari kamar yadda na saba, giram 300 a haɗin kilo 100 ke nan. Manhajar ta watsar da ɗigon ta karanta 3, ba ta yi mini ƙorafin komai ba. Na fitar da takarda, ban karanta ba, na miƙa wa ɗan ƙanena na tafi Dawanau sayen masara. Ya auna kilo uku na gishiri ya zuba.

Kwana biyu tsaki suna ta ɗirkar ruwa kamar ba gobe, kashinsu ya zama ruwa, shimfiɗar ƙaiƙayi ta jiƙe sharkaf. Na ɗauka cuta ce, har na sayo magani. A rana ta uku ɗan ƙanen nawa ya ce, "Baffa, dama na so in tambaye ka, gishirin nan bai yi yawa ba kuwa?" Kafin mu zubar da abincin mu haɗa sabo, sama da arba'in sun mutu cikin ɗari uku, waɗanda suka rayu kuma ba su yi nauyin da ya kamata ba har aka sayar.

Shi ya sa raina yake ɓaci in na ga mutum ya gama saka manhaja, ya ga ta buɗe, sai ya hau murna wai aiki ya kammala. Wa ya ce maka? Ka zuba dubban ɗaruruwa a keji, amma minti biyu na gwaji ya gagare ka? Ni dai ga al'adata. Na buɗe tamina (Terminal, tagar da ake rubuta wa Linux umarni) na rubuta locale, na duba layin LC_NUMERIC, mai nuna tsarin karanta lamba. In ban ga en_NG, wato tsarin Najeriya, ko makamancinsa ba, na shiga saitin harshe na mayar da yankin Najeriya, na kashe kwamfutar na kunna. Sannan na shiga manhajar na rubuta 0.3 a gurbin gishiri, na adana, na rufe, na sake buɗewa in ga abin da ta riƙe. Kuma har gobe ba takardar da ke fita daga hannuna sai na tara lambobinta da biro na ga sun ba da 100. Wasu na cewa ɓata lokaci ne. Su suka sani.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne ma'auni. Manhajojin da aka yi a Amurka sukan zo a saite kan fam, fam ɗaya kuwa giram 454 ne, bai kai rabin kilo ba. Sabuwar sakawa tana komawa saitinta na asali, don haka ka mayar da ita kilo kafin komai.

Na biyu cikin manyan shi ne goge jakar .wine. Manhaja ta ƙi buɗewa, mutum ya bincika a intanet, ya ga an ce goge wannan jaka ka fara daga farko, sai ya goge. To a cikinta Wine ke ajiye abin da manhajar ke ɗauka shi ne faifan C, a wata jaka mai suna drive_c, kuma manhajoji da yawa a nan suke adana bayanansu. Ɓoyayyiya ce, sunanta da ɗigo ya fara, ba ka ganinta sai ka danna Ctrl da H, shi ya sa masu kwafar fayil zuwa fulas suke tsallake ta ba su sani ba. Wani dattijo maƙwabcina haka ya rasa haɗe-haɗensa na shekara biyu, da farashin kayan da yake shigarwa duk sanda ya dawo daga kasuwar Gujungu. Ya zo ya ce, "Malam, ba yadda za a yi?" Na yi iya yina, kaɗan muka ceto. Ni kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci nake kwafe jakar gaba ɗaya zuwa fulas biyu, ɗaya a gida ɗaya a gona. In kuwa za a gwada gyara, sunanta nake canzawa, ba na gogewa. Wanda ke da manhaja fiye da ɗaya ya yi amfani da Bottles, mai ware wa kowace manhaja ɗakinta, don in ɗaya ta lalace ba za ta ja sauran ba.

Sauran ƙanana ne. Kada ka kunna Wine da sudo, umarnin da ke ba da cikakken iko a kan kwamfuta, zai dagula izinin fayilolinka. In manhaja ta nemi .NET, wani tushe na Microsoft da wasu manhajoji ke dogara da shi, kuma madadinsa Wine Mono bai ishe ta ba, manhajar taimako ta winetricks na saka shi da sunan dotnet48. Ka yi shi inda sabis ke da ƙarfi, don in ya yanke a tsakiya sai an sake. Rubutu ya fito a hargitse, corefonts ne babu, wato salon haruffan Windows, su ma winetricks na saka su. Na'urar buga takarda kuma a Linux ake fara saita ta, sannan Wine ta gan ta.

Masu ɗauko manhajar sata daga hannun abokai suna cewa ai Linux ba ya kamuwa da cuta, ku ji da kyau: Wine na iya tafiyar da muguwar manhaja kamar yadda take tafiyar da ta kirki, kuma ta faifan Z, ƙofar da Wine ke buɗe mata zuwa cikin Linux, tana ganin fayilolinka. Ban da haka ma haƙƙin wani ne.

Ba na sabunta Wine muddin akwai tsaki a keji, sai an sayar an share ɗaki. Wannan ra'ayina ne, na san masana da yawa ba za su yarda ba, amma na taɓa ganin sabuntawa ta hana manhaja buɗewa ran da ake jiran takarda a wurin niƙa. Haka kuma laftof mai mataccen batir, in wuta ta ɗauke ana cikin adanawa, rumbun bayanan na iya lalacewa, don haka kuɗin batir ya zo kafin na komai.

In duk ka yi wannan ta ƙi, kada ka ce sai ka ɗora Windows cikin VirtualBox, manhajar da ke tafiyar da Windows a cikin Linux, a kwamfuta mai ram giga 4, za ta riƙa jan ƙafa har ka tsani aikin. LibreOffice Calc, mai kama da Excel, yana zuwa tare da Mint, yana da Solver mai nemo haɗin da ya fi araha. Ka jera kayanka da farashinsu da sinadarin gina jikin kowanne, masara wajen 9 cikin ɗari, garin waken suya da aka tatse mansa wajen 44, ka sa ƙa'idar 22 zuwa 23 ga tsakin nama, 16 zuwa 17 ga masu ƙwai. A can ma ka gwada 0.3 ɗin nan kafin ka shigar da gishiri.