Yadda Ake Gano Matsalar Kwamfireson Iyakwandishan Da Hanyoyin Kare Shi Daga Ƙonewa

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin bazara ke haura digiri 40 a Birnin Kebbi da Argungu da Jega, masu gyaran iyakwandishan ba sa samun zama, kuma hukuncin da aka fi yanke wa na'urar da ta daina sanyi shi ne kwamfireso ya ƙone. Kwamfireso shi ne injin da ke cikin akwatin waje, wanda ke matse gas ya tura shi cikin bututu domin ya kwaso zafin ɗaki ya zubar a waje, kuma babu abin da ya kai shi tsada a cikin na'urar. Saboda haka bai kamata mai gida ya yarda a cire shi ba sai an bi matakan bincike, domin sau da yawa lafiyarsa ƙalau, wani ƙaramin abu ne ya hana shi tashi. Idan ma ya mutun, akwai abin da ya kashe shi, wanda zai kashe sabon da za a saka muddin ba a gano shi ba.

Binciken farko na kunne ne, kuma kowa zai iya yin sa. A kunna na'urar, a saita ta a kan sanyi, sannan a je a tsaya kusa da akwatin waje a jira kamar minti 3, domin yawancin na'urori suna jinkirta tayar da kwamfireso da gangan. Idan ba a ji motsin komai ba, har fankar waje ba ta juyawa, to da alama wuta ce ba ta isa akwatin, sai a nemi matsalar a waya ko a allon lantarkin da ke ba da umarni. Idan kuwa fanka na juyawa, aka ji wani gurnani mai nauyi na 'yan daƙiƙoƙi, sai aka ji ƙas, ya yi shiru, bayan 'yan mintoci ya sake maimaitawa, wannan kwamfireso ne yake ƙoƙarin tashi yana kasawa, ƙas ɗin nan kuma ƙarar makarin da ke yanke masa wuta ce idan ya ɗauki zafi. A nan sai a kashe na'urar nan take, domin kowane yunƙuri da ya yi ya kasa yana gasa wayoyin da aka naɗe a cikinsa.

Abin da za a fara zargi shi ne ƙarfin wuta. An ƙera waɗannan na'urori su yi aiki da wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240, amma da dare a lokacin zafi, sa'ad da kowane gida a unguwa ya kunna kayansa, wutar kan sauka ƙasa da haka sosai. Idan wuta ta yi rauni, kwamfireso yakan ja amfiya, wato yawan wutar da ke bi ta cikin wayoyinsa, fiye da ƙima domin ya cike giɓin, abin da ke sa shi zafi ke nan. Ya kamata a auna wutar a daidai lokacin da yake yunƙurin tashi, domin siririyar waya ko soket da ya fara ƙonewa kan nuna wuta cikakkiya idan babu nauyi a kai, da zarar an ɗora nauyi kuma ta faɗi. Haka lamarin yake da ƙaramin janareto, tunda kwamfireson da ba na inbata ba, wato wanda ba ya rage ko ƙara saurin juyawarsa, a lokacin tashi yana jan ninkin-ba-ninkin wutar da ya saba ci. Sitabilaizar da ta dace da girman na'urar, mai jinkirta shigar wuta, tana maganin yawancin wannan. Inda babu ita, duk lokacin da aka ɗauke wuta a kashe na'urar, idan an dawo da ita a jira minti 3 zuwa 5 kafin a kunna, domin matsin gas ɗin da ke cikin bututu ya daidaita.

Idan wuta ta cika amma gurnanin bai daina ba, sai a duba kafasito, wato wani gwangwani mai launin azurfa da ke cikin akwatin waje, wanda ke taimaka wa kwamfireso ya tashi kuma ya ci gaba da juyawa. Zafi yana saurin lalata shi, kuma sau da yawa ido ma yana gani, domin samansa yakan kumbura ko ya riƙa tsattsafo da mai. A jikinsa an rubuta ƙarfinsa, misali maikurofarad 35, kuma da irin wannan lambar za a musanya shi. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da na kwamfireso, shi ya sa abin takaici ne a ga an yanke lafiyayyen inji saboda gwangwanin da ya kumbura. Sai dai yana riƙe wuta ko bayan an cire soket, don haka aikin mai gyara ne.

Sai bayan waɗannan ne za a auna kwamfireson kansa. A kansa akwai ƙafafu uku masu alamar C da S da R, kuma a na'urar da ba ta inbata ba, idan aka haɗa abin da mitar auna lantarki ta masu gyara ta nuna tsakanin C da R da wanda ta nuna tsakanin C da S, ya kamata ya yi daidai da na tsakanin S da R. Idan mita ta nuna akwai hanyar wuta tsakanin wata ƙafa da ƙarfen jikin injin, to ya ƙone, babu tababa. Kuskuren da nake so masu gida su lura da shi shi ne auna kwamfireso yana da zafi, domin makarin da ke cikinsa yana nan a buɗe, mita za ta nuna kamar waya ta tsinke alhali ba ta tsinke ba. A bar shi ya huce sarai, ko da zai ɗauki sa'o'i, sannan a sake aunawa.

Akwai kuma wanda yake juyawa amma ɗaki ba ya sanyi. A taɓa bututai biyu da ke shiga akwatin waje: mai kaurin ya kamata ya yi sanyi yana naso, idan kuwa an ji shi salaf, siririn kuma ya yi farin ƙanƙara, alama ce ta ƙarancin gas. Gas ɗin iyakwandishan ba ya ƙarewa kamar man mota, idan ya ragu to akwai inda yake zuba, galibi a mahaɗar bututu inda za a ga danshin mai ya kama ƙura, kuma ruwan sabulu yana tona wurin. Ƙara gas duk shekara ba tare da toshe kafar ba kashe kwamfireso ne a hankali, domin gas ɗin da ke dawowa da sanyi shi ne ke sanyaya shi. A duba takardar da ke manne a jikin akwatin a ga irin gas ɗin, ko R22 ne ko R410A ko R32, kada a gauraya su. Kada kuma a bari a gwada bututu da iskar oksijin ta masu walda, domin haɗuwarta da man injin tana iya jawo fashewa. Naitirojin ake amfani da shi.

A ɓangaren rigakafi, babban abokin gaba a wannan yanki shi ne ƙurar hunturu, wadda ke toshe ragar akwatin waje daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sai bazara ta zo ta tarar da injin ba ya iya fitar da zafi. A wanke ragar da ruwa marar ƙarfi a ƙarshen Fabrairu bayan an cire wuta, matatar cikin ɗaki kuma duk mako biyu. A guji kafa akwatin a bangon yamma inda ranar la'asar ke duka, idan kuma an yi masa keji saboda ɓarayi ko rumfa, a bar wa iska hanya gaba da baya. Saita sanyi a kan digiri 24 ko 25 yana ba kwamfireso damar hutawa, wanda 16 ba ya ba shi.

Idan ta tabbata sai an sauya kwamfireson, a nemi mai gyara ya wanke bututun daga gurɓataccen mai, ya saka sabon kafasito, ya zuƙe iska da danshi da famfon bakyum kafin ya zuba gas, sannan ya zuba daidai nauyin da aka rubuta a jikin akwatin. Wanda na'urarsa tsohuwa ce mai R22, gas ɗin da ake janyewa daga kasuwa a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, ya fara tambayar kuɗin sabuwa kafin ya biya na gyaran.